Auren da Ya Cinye Wasiyya

Kowa a ƙauyenmu ya san cewa duk ranar da Maas Uriah Pinnock ya rufe ido, gidansa na Verona ne. Ba ɓoyayyen abu ba ne, don shi da bakinsa ya yi ta shela, a shagon da tsofaffi ke buga domino, a bakin coci, har cikin motar haya in ya samu mai sauraro. Ya je Black River wurin lauya ya rubuta wasiyya, kuma Ticha Wint, tsohon hedimastan makarantarmu, yana cikin waɗanda suka sa hannu. Abin da ke ciki ba shi da yawa. Miss Icy, uwar gidan, za ta zauna a ciki iya tsawon ranta, bayan ta gidan da gonar kankana su zama na Verona. Ita kuma Novlette, 'yarsa ɗaya tilo da ke Toronto ta ƙasar Kanada, ya ba ta filin bakin titi, wanda in sayarwa za a yi ya fi gidan tsada.

Verona ba 'yarsa ba ce. Tana ƙarama uwarta ta kawo ta, ta ce a riƙe mata ita kwana biyu za ta je Kingston neman aiki, kuma daga ranar ba a sake jin ɗuriyarta ba. A wajenmu wannan ba abin labari ba ne, gida nawa ne babu ɗan riƙo? Abin labarin shi ne yadda yarinyar ta liƙe wa tsohon. Ita ke bin sa gona, ita ke yanko ciyawar da ake lulluɓe shuka da ita don kada rana ta shanye damshin ƙasa, ita ke shiga cikin tankin ruwa ta wanke shi kafin damina. Yanzu ta haura hamsin, ba miji ba ɗa, tafin hannunta duk ya yi kanta. Shi take kira Baba. Matar kuwa Miss Icy take ce mata kamar kowa a unguwa, don ba a taɓa ce mata ta ce Mama ba.

In za a faɗi gaskiya, Verona ba waliyyiya ba ce. Tana kishin Novlette tun suna kwana a gado ɗaya, kuma girma bai rage komai ba. Duk Disamba in duron kaya ya iso daga Kanada, Miss Icy sai ta sa a ajiye shi a baranda inda masu wucewa za su gani, ta yi ta ciro shinkafa da man girki da takalma tana yi wa 'yarta kirari. Verona ce ke zuwa ta ɗauko duron, ita ke mirgino shi daga titi, sannan a miƙo mata tawul ɗaya a ce ga naki. Takan karɓa ta yi godiya, ta wuce garken awaki ta yi ta ƙunƙuni. Abu ɗaya ne ke sanyaya mata rai. In Novlette ta kira waya, tsohon yakan buɗe muryar saboda kunnensa ya yi nauyi, kuma ba ya nisa da gaisuwa sai ya sako Verona ta yi kaza, Verona ta ce kaza. Daga kicin takan ji yadda ɗaya ɓangaren ke yin shiru, kuma shirun nan daɗi yake mata.

A shekarar da abin ya faru, Novlette ba duro ta aiko ba, ita ce ta zo da kanta, kuma da magana a bakinta. Ta ce lokaci ya yi da iyayenta za su ɗaura aure. Sun tsufa tare ba zobe, kamar yawancin sa'o'insu, don mutanenmu ba sa kai aure coci sai sun iya yin sa yadda za a yi ta labari, da awaki da kek da kwat, kuma halin yin hakan bai taɓa samuwa ba. Saboda rashin zoben nan Miss Icy ta shafe rayuwarta a bencin baya na coci, in ana raba Jibin Ubangiji sai ta sunkuyar da kai a wuce ta. Novlette ta ce ba za ta bari uwarta ta mutu a haka ba, komai da komai ita za ta ɗauka.

Miss Icy ta yi kukan murna. Maas Uriah kuwa ya yi ƙememe, ya ce shi da Icy Allah ya daɗe da sanin su, ba sai fasto ya gabatar da su ba, kuma gwiwarsa ta daina durƙuso. Aka yi juyin duniya ya ƙi. Sai Novlette ta sami Verona a bakin tanki tana wanki, ta tsaya a kanta da murmushin da bai wuce leɓe ba.

"Ki yi masa magana mana. Ai ke kaɗai yake ji a gidan nan, mu sauran baƙi ne."

Maganar ta yi wa Verona daɗi fiye da yadda ya kamata. Dama tun da aka fara zancen take jin zafin cewa Novlette ce za ta yi wa Miss Icy wannan gata, ita kuwa da take wanke mata ƙafa kullum ba ta da abin yi. Sai ta ce a ranta, kuɗin dai naki ne, amma amincewar tsohon a hannuna take. Da yamma ta bi shi gona, ta zauna kusa da shi a kan tarin ciyawa, ta ce ya tuna matar nan ta bi shi tun ba shi da ko akuya, kuma abin da take roƙo bai fi yini ɗaya ba. Ya yi ta gunaguni, a ƙarshe ya ce tunda ita ta ce, to. Ta dawo gida tana tafiya kamar wadda ta ciyo gasa. Ita ta jiƙa busassun 'ya'yan itace cikin giyar rake, ita ta gasa baƙin kek ɗin biki, ta tsaya a kansa don kada a ce na kanti da Novlette ta so saya ya fi shi.

Ranar biki an yanka awaki an dafa da yajin kori, ƙauye duk ya hallara. Miss Icy cikin farar riga ta koma Misis Pinnock, sai juya hannu take don zoben ya kama haske. Da aka ba ango magana ya miƙe da sandarsa, bai fara da amarya ba, bai fara da wadda ta biya tanti da makaɗa ba. Ya ce a tafa wa 'yarsa Verona, da ba don ita ba da yanzu yana gona. Jama'a suka yi dariya suka tafa. Verona ta saci kallon Novlette tana jiran ta ga fuskar ta ɓaci kamar yadda ta saba. Ba ta ɓaci ba. Tafi take da kowa, hankalinta kwance, har da ɗaga mata kofi daga nesa. Abin ya ɗan tsaya wa Verona a rai, amma hidimar baƙi ta sa ta manta.

Novlette ta koma Toronto, kuma kafin a cire kankanar shekarar ɓarin jikin tsohon ya shanye. A gona ya faɗi, Verona ce ta goyo shi zuwa titi. Ya dawo daga asibiti hannun dama da ƙafa ba sa motsi, baki a karkace, amma hankalinsa garau, ya san kowa, har tambaya yake ko an ba awaki ruwa. Verona ta shigar da ƙaramin gado ɗakinsa tana kwana a nan. Sai ga Novlette ta sake dirowa, ita da a da sai ta yi shekaru ba ta leƙo ba. Ta ce jinyar tsofaffi sana'arta ce a can, da takardar shaida da komai, saboda haka ita za ta kwana da mahaifinta. Aka fitar da gadon Verona. Ɗakinta na da kuwa akwatunan Novlette sun cika shi, don haka aka kai ta ɗan ɗakin da ke jikin kicin, inda ake ajiye buhunan taki.

Aikin dai bai sauya hannu ba. Verona ke wanke zannuwan da ya ɓata, ita ke dama masa kunun masara, ita ke tafiya gona. Novlette tire kawai take ɗauka ta shiga da shi. Amma tsohon in ya ga ita ce da cokali sai ya kawar da kai, ya datse baki, yana kiran Verona da karkataccen harshensa. Dole aka riƙa kiranta lokacin abinci, Novlette na tsaye a bakin ƙofa ta harɗe hannu tana kallon yadda yake buɗe baki kamar ɗan tsuntsu. Verona takan ja cokalin a hankali don tsayuwar ta yi tsawo.

Ticha Wint bai halarci bikin ba, yana Mandeville wurin ɗansa ana duba idonsa. Da ya dawo ya zo gaida mara lafiya, kuma a hanyar fita ya tsaya wurin Verona tana shanya.

"Verona, bayan bikin nan kun koma wurin lauya kuwa?"

"Lauya kuma, Ticha? Me aka yi?"

"Aure yana soke wasiyya. Duk abin da mutum ya rubuta kafin ya ɗaura aure, ranar da ya sa zobe ya tashi a banza, sai dai ya sake wata."

Ta yi dariya, ta ce ai wannan sai tsohon da ya ɗauko yarinya sabuwa, wannan kuwa Miss Icy ce, wadda sunanta ma yana cikin takardar. Ticha bai taya ta dariyar ba. Ya ce doka ba ta tambayar wa aka aura.

Washegari ta ce za ta je sayen iri, ta hau mota zuwa Black River. Lauyan ya tabbatar mata. Ya ce in Maas Uriah ya mutu a haka, matarsa da 'yarsa ne za su raba komai, ita kuwa ko cokali ba ta da shi, don riƙo ba haihuwa ba ne a wurin kotu. Amma ya ce gyaran ba wuya, muddin tsohon yana cikin hankalinsa kuma zai iya yin ko da alama da hannun hagu a gaban shaidu biyu, shi zai zo har gida. Ta fito ta tsaya a bakin titi. Ba ta da wani gida a duniya, ba ta da dangin da ta sani, kuma ba ta taɓa ajiye ko sisi da sunanta ba, don duk abin da gona ta bayar cikin gidan ya shige.

Ta fara da Miss Icy. Ta same ta a baranda tana ɓarar wake, ta yi mata bayani a hankali. Tsohuwar ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce ita ba ta san doka ba, abin da ta sani Allah ya rufa mata asiri a ƙarshen rayuwa, kuma ba za ta zauna ana ce mata aurenta ne ya jawo masifa ba.

"Miss Icy, ban ce aurenki ba ne. Hannu kawai zai sa."

"Misis Pinnock," ta gyara mata. "Kuma wa ya ce za a kore ki? Novlette dodo ce? Ki bar bawan Allah ya ji da ciwonsa. Mun ciyar da ke, mun tufatar da ke, uwarki ko sabulu ba ta taɓa aikowa ba. Shi ne kuma za a ɗauki gidan uban yarinya a ba ki, tana raye tana kallo?"

A nan Verona ta gane cewa tsohuwar ba ta taɓa son wasiyyar nan ba, shiru kawai ta yi saboda mai gidan yana da baki a lokacin. Ta je wurin fasto. Ya saurare ta da tausayi sosai, ya ce shi abin da Allah ya ce a haɗa ya haɗa, maganar gado kuwa ta iyali ce, ba ya son coci ta shiga tsakani. Ya yi mata addu'a mai tsawo a ƙarƙashin sabon kwanon rufin da Novlette ta saya wa cocin, ya rako ta har bakin ƙofa.

Saura tsohon da kansa, kuma shi ne mai wuya. Da wane baki za ta tunkari mutumin da ba ya iya juya kansa a gado da zancen gida da gona? Ta yi ta ɗagawa, har wata safiya Novlette ta tafi garin Junction sayen magani. Verona na goge masa baya da ruwan ɗumi, sai ya lura hawaye take. Ya kamo hannunta da na hagunsa, ya ce kada ta damu, takarda na nan, ya riga ya gyara ta, ko yau ya tafi ba mai taɓa ta. Da ta ji haka ta kasa riƙewa, ta faɗa masa duka, tana jin kunya kamar ta kama kanta da sata. Ya daɗe yana kallon silin. Sai ya buga gadon da hannunsa mai rai.

"Kira shi. Kira lauya yau."

Da Novlette ta dawo ta tarar da shi a haka, ba ta yi faɗa ba. Ta durƙusa a gefen gado ta shafa masa kai, ta ce duk abin da yake so shi za a yi, amma ya bari jininsa ya sauka tukuna. Daga nan uzuri ya fara bin uzuri. Yau jini ya hau, gobe Lahadi ce, jibi an ce lauyan yana kotu, gata ruwa ya ɓata hanya. Da Verona ta gaji ta kira lauyan da kanta ta sa masa rana. Kafin ranar Novlette ta kawo wani likita daga gari, da tsakar rana, bayan an ba tsohon maganin da ke sa shi gyangyaɗi. Likitan ya tambaye shi yau nawa ga wata. Maas Uriah ko da lafiyarsa bai taɓa sanin nawa ga wata ba, da ranar kasuwa da tsayuwar wata yake lissafi. Ya yi ta ƙoƙarin cewa wani abu, harshen ya ƙi. Likita ya rubuta cewa tunaninsa ya raunana, kada a dame shi.

Da wannan takarda Novlette ta tari lauya a bakin ƙofar shinge, cikin ladabi, har da ba shi ruwan kwakwa. Lauyan ya jawo Verona gefe ya ce mata in ya sa tsohon ya yi alama yanzu, kotu za ta yi watsi da ita, sai dai a samo wani likitan ya sake dubawa, kuma wannan sai da yardar matarsa. Matarsa ta ce mijinta ba akuyar kasuwa ba ne da kowa zai zo ya buɗe masa baki. Lauya ya shiga motarsa ya tafi.

Kafin mako ya zagayo zancen ya cika ƙauye, kuma a juye ya cika shi. Wai Verona ta tasa mutum a gaba yana kan gargara tana neman ya sa mata hannu. Wai dama duk hidimar nan ta shekaru da manufa ake yin ta. Matan da suka naɗe kek ɗinta a takarda suka kai gida, su ne yanzu ke yin shiru in ta shigo shago. Novlette ba ta taɓa faɗin mummunar kalma a kanta ba, sai dai ta girgiza kai ta ce ita ba ta zargin kowa, talauci ne ba ya barin mutum da kunya. Daga lokacin aka hana Verona shiga ɗakin sai da wani a tsaye, wai ganinta yana tayar masa da hankali. Abincin ma sai Miss Icy ta karɓa, in ya ƙi ci a fito da shi a ba kare.

Tsohon ya riƙa zubewa. Maganarsa ta ragu har ta koma abu ɗaya, duk motar da ta wuce a titi sai ya ɗaga kai ya ce, "Ya zo?" A ce masa a'a, ya mayar da kai. Verona na jin sa daga kicin ta jikin bango.

Safiyar da numfashinsa ya sauya, Miss Icy ce ta tsorata ta ƙwala mata kira. Verona ta shigo da hannu duk gari. Ya rame har ba ta so ta kalle shi, amma idonsa ya gane ta. Wata motar ɗaukar kaya ta wuce, ya motsa leɓe, ta sunkuya ta ji tambayar da ta sani. Novlette na tsaye a ɗaya gefen gadon. Verona ta dube ta, ta dube shi.

"Ya zo, Baba. Ya gyara komai, ba sai ka sa hannu ba. Gidan nawa ne."

Fuskarsa ta saki. Ya riƙe yatsunta, kuma a haka ya cika kafin rana ta take, hannunsa cikin nata. Novlette ta miƙa nata hannun a kan bargo kusa da shi, bai kai gare shi ba.

An yi zaman makoki yadda aka saba, an yi waƙoƙi, an soya kifi, an binne shi a bayan gida kusa da iyayensa. Verona ce ta yi girkin duka. Bayan dare na tara, wanda ake rufe makoki da shi, aka juya katifarsa aka share ɗakin kamar yadda ake yi don mamaci ya kama hanyarsa, sai Novlette ta kulle ƙofar ta jefa makullin a jakarta. Ana gobe za ta tafi, Verona ta same ta a bakin kabarin tana ɗaukar hoto.

"Kin sani tun farko cewa auren zai soke wasiyyar?"

"Na sani. Na tambaya tun kafin in sayi zoben."

"Filin bakin titi ya fi gidan kuɗi, Novlette. Me za ki yi da gida? Ke da ko kwana ɗaya ba kya yi sai kin yi ƙorafin sauro."

"Ba abin da zan yi da shi." Ta sa wayar a aljihu, muryarta ba ta tashi ba. "Ƙuruciyata duk a can ta ƙare, ina wanke kashin iyayen wasu cikin sanyi ina aiko da kuɗi. Tankin da kike taƙama da wankewa, da kuɗina aka gina shi. In na kira don in ji muryar ubana, labarinki nake ji. Ranar da ya rubuta takardar nan ya kira ni yana murna, wai in taya shi. Ni ya ba ni fili, yadda ake sallamar ɗan kwangila, ke ya ba ki gida. Kin ƙwace shi yana raye ban iya komai ba, ko mutuwa a hannunki ya yi. Gidan kam ba za ki samu ba."

Verona ta so ta ce mata ita ma tun tana yarinya take kwana da ƙyashinta, cewa da za a ba ta sunan Pinnock da uwar da za ta yi mata kirari a baranda, da ta bar gidan da gonar ba ko waiwaye. Ba ta faɗa ba, don ta ga ba zai shiga ba. Mata biyu ne masu furfura a kan kabarin mutum ɗaya, kowacce ta tabbata ɗayar ce ta kwashe rabo mai tsoka. Bambancin kawai, ɗaya doka na bayanta.

Sai Novlette ta gyara murya ta koma zancen aiki. Ta ce Mama ba za ta iya zama ita kaɗai ba, kuma sanyin Kanada zai kashe ta. In Verona na so, ta ci gaba da zama a ɗakin jikin kicin tana kula da ita, za a riƙa aiko mata da ɗan abu duk wata kamar yadda ake ba kowace mai aiki. Gonar za a ba wani haya. In Mama ta rasu kuma, za a sayar da komai, lokacin sai kowa ya san inda ya nufa. Ta ce ba dole, akwai wata yarinya a Junction da ke neman irin wannan aikin.

Verona ta dubi gidan, ta dubi titi. Ba ta san kowa a ƙarshen titin nan ba, ta kowane ɓangare. Ta ce to.

Ƙauye ya yaba wa Novlette ƙwarai. Aka ce 'yar halak ce, ta ɗaura wa iyayenta aure, ta yi jinyar ubanta, ta binne shi da mutunci, sannan duk da abin da Verona ta yi ba ta kore ta ba, har albashi ta yanka mata. Fasto ya kawo misali da ita a wa'azi. Ba wanda ya tambayi yadda aka yi mutum ya yi shekaru yana shelar abin da yake so a gaban kowa, ya biya lauya, ya kawo shaidu, sannan yini ɗaya na farar riga da naman akuya ya share shi ba tare da an gaya masa ba. Ticha Wint kaɗai ya taɓa ɗaga zancen a shagon domino, aka ce masa ya ajiye ƙwayarsa, wasa ake.

Verona na nan a gidan. Tana tashi da asuba ta ɗora ruwa, ta yi wa Misis Pinnock wanka, ta shafa mata mai a ƙafa, ta ba ta magani a kan lokaci. Ta katangar baya tana ganin wani mutum yana shuka a gonar, ba ya ma lulluɓe ƙasar yadda ya kamata, kuma ba ta da bakin yi masa magana. Tsohuwar ta fara tari a 'yan kwanakin nan, irin mai fitowa daga ƙirji. Duk sanda ta yi, Verona takan saki abin da ke hannunta ta ruga da ruwa da zuma, gabanta na faɗuwa. Masu zuwa gaisuwa suna cewa ko 'yar cikinta ba za ta kula da ita haka ba. Ita kuwa Verona ta daina sanin ko tsohuwar take ji wa tsoro, ko rufin da ke kanta.